Ba Ƙanƙara Ke Cika Kogin Abu Na'ama Ba

Duk lokacin da Shuɗin Nilu ya cika ya batse a garin Abu Na'ama, ba a rasa mai cewa dusar ƙanƙara ce ta narke a duwatsun Habasha. Zancen ya tsufa ƙwarai: masanin Girka Anaksagoras ya faɗi makamancinsa tun kafin haihuwar Annabi Isa, Herodotus kuma ya musanta.

Akwai ƙanshin gaskiya a ciki. A Maroko, kogunan Dra'a da Ziz suna samun ruwa daga dusar duwatsun Atlas. A Habasha ma takan sauka jefi-jefi a kan Ras Dashen, mai tsawon sama da mita 4,500, sai dai ba ta daɗewa, ba ta kuma kai ta cika kogi ba.

Lokaci shi ke ƙaryata maganar. Da narkewa ce, ai da bazara za a ga cikowa, a Afrilu da Mayu sa'ad da rana ke ƙuna. To a sannan ne kogin ya fi ƙanƙancewa. Kogunan Dindir da Rahad, masu shiga Shuɗin Nilu, kuwa yankewa suke yi, sai kududdufai nan da can, makiyaya na tona yashi da ƙwarya suna jiran ruwa ya tsattsafo. Sai damina ta kankama a Habasha, daga Yuni zuwa Satumba, suke tasowa, ganiyar kuma a Agusta. Dubi ruwan ma: ja wur da laka, ɗauke da kututture da karan gona. Ruwan sama ne ya wanko ƙasar manoma.

Masu cewa rafi kan taho alhali ko hadari babu, sun yi gaskiya, kuma ba aikin aljanu ba ne. Ruwan sama aka sheƙa can nesa, laka mai danƙo ta kumbura ta ƙi sha, sai ya gangaro. Shi ya sa kwana ko ɗaure dabbobi a busasshen rafi da damina ganganci ne.

Batun madatsai fa? Ta Rusairis, wadda aka gama a 1966 aka ƙara mata tsawo a 2013, da ta Habasha da aka fara tara wa ruwa a 2020, suna iya sauya ranar da ruwa zai iso Abu Na'ama da yawansa. Amma ba ruwansu da Dindir da Rahad, domin waɗannan suna faɗa wa Nilu ne can ƙasa da garin Sinnar.