Daren ajo a Garwa: Kuɗin liƙi da jinyar makaɗi

Ana idar da sallar isha'i aka datse bakin layin da bencina, aka shimfiɗa tabarmi, aka tada janareta domin ba a yarda da wutar gari ba. Wurin wata unguwa ce ta Hausawa a cikin birnin Garwa, taron kuwa ajo ne da aka haɗa wa wani dattijon makaɗin kalangu wanda ciwon ƙoda ya kwantar. Mun isa da wuri, amma mun tarar mahauta sun riga kowa, ba mamaki, tunda kalangu kiɗansu ne tun asali. Bayansu sai 'yan tireda da dillalan shanu da direbobin da ke bin hanyar Gashiga zuwa Yola, har da baƙin da suka tsallako daga Mubi.

Ga matasan da ba su taso sun tarar da shi ba, ajo taro ne na kiɗa da ake yi wa wanda asara ko wata larura ta faɗa wa, kamar gobara ko karayar jari ko doguwar jinya. Makaɗa su yi kiɗa, maroƙi ya riƙa kiran mutane ɗaya bayan ɗaya, wanda aka kira ya fito ya yi liƙi, a faɗi abin da ya bayar kowa ya ji. Wato ana haɗa taimako da 'yar gasa, kuma duk wanda ya san halinmu na 'yan kasuwa ya san gasar tana buɗe aljihu fiye da roƙo.

Shi marar lafiyar ba a kawo shi ba. Babban ɗansa ne ya zauna a gaba, kalangun uban na rataye a jikin kujera, ba wanda ya taɓa shi har aka tashi. Da yaransa na kiɗa suka ɗauko taken da aka san shi da shi, mun ga wani tsohon mahauci ya miƙe zai taka, sai ya kasa, ya koma ya zauna yana share fuska da bakin rawani.

To, amma abin da ya sa muka ɗauki biro shi ne abin da ya faru bayan an kashe lasifika. An zube kuɗi a kan tabarma, sefa gefe, naira gefe, nan take aka shiga gardama. Da ma tun ana cikin wasa maroƙi ya yi ta shelar "jaka", alhali jaka a bakin mai ƙirga sefa dubu ɗaya ce, a bakin mutumin Kano kuwa naira 200 ce. Sannan ga batun canji. Sefa a ɗaure take da kuɗin Turai, sefa 655.957 a kan yuro ɗaya, ita kuwa naira tun da gwamnatin Nijeriya ta sake ta a watan Yunin 2023 ta yi mummunar faɗuwa. Tulin nairar da ya cika ido a fili, da ɗan canji ya lissafa shi, sai ya koma ɗan abu kaɗan. Daga abin da ya rage aka cire kuɗin hayar kujeru da lasifika da man janareta da abincin baƙi. Ba wanda ya ci amanar kowa, amma fuskar ɗan nan ta canja.

Wannan ba sabon labari ba ne a Garwa. Manya za su tuna marigayi Ali Baba, wanda aka haifa a wannan birni a 1956, ya yi rawa a ƙungiyar raye-raye ta ƙasar Kamaru, ya tafi Faransa, ya kai kiɗan arewa inda ba a taɓa jin sa ba. A 1993 jikinsa ya shanye. Ya dawo gida, Allah Ya ba shi sauƙi har ya sake takawa, kafin ya rasu a Yawunde a watan Mayun 2004. Allah Ya jiƙansa. In har mai suna irin nasa zai iya wayar gari ba ya iya motsi, ina ga makaɗin unguwa wanda abincinsa na gobe yana cikin bikin yau?

Makaɗi ba shi da albashi, ba shi da fansho. Ƙungiyoyin da ya kamata su karɓo wa mawaƙa haƙƙinsu a Kamaru sun yi ta rushewa ana kafa wasu: CMC a 2003, SOCAM a 2008, SONACAM a 2017. Mu ma sai mu faɗa wa kanmu gaskiya, a rumfunanmu na kan iyaka aka yi shekaru ana sayar da kaset da faifan da aka kwafa, daga baya aka koma turawa a waya, mai waƙar bai ga ko dala ba.

Ciwon ƙoda kuma ba ciwon dare ɗaya ba ne. A da, wankin ƙoda a asibitocin gwamnatin Kamaru sefa 5,000 ne kowane zama, sau biyu a mako, wato kimanin sefa 520,000 a shekara. Da aka ƙaddamar da kashin farko na shirin kiwon lafiya na bai-ɗaya a watan Afrilun 2023, aka mayar da shi sefa 15,000 a shekara ga wanda ya yi rajista. Sauƙi ne babba, kuma muna roƙon duk mai irin wannan marar lafiya a gida ya je ya tambaya. Sai dai magunguna da gwaje-gwaje da ƙarin jini da kuɗin abin hawa da tukunyar gidan da mai nemanta ya kwanta, duk suna nan suna jira kowane mako.

Shi ya sa shawarar da wani dattijon dillali ya kawo a daren ta burge mu. Cewa ya yi kada a miƙa wa iyali kuɗin a dunƙule, a damƙa su a hannun mutum uku amintattu, a buɗe littafi kamar na bashin rumfa, a riƙa fitarwa da takardar asibiti. Ya kuma nemi waɗanda suka yi liƙin su ɗauki wani abu kaɗan a kowane wata, kamar zubin adashi, su tura ta Orange Money ko MTN, ko da yake tun 2022 akwai ɗan harajin da ake cira a wajen turawa da cirewa. Wani direba ya ƙara da tunatar da baƙin da suka tsallako cewa a can gida dokar Babban Bankin Nijeriya ta 2007 ta hana liƙin naira, har da ɗaurin wata shida ko tarar naira 50,000, don haka in za su haɗa irin wannan a Mubi ko Yola, gara a sa faranti a gaba.

Ba kowa ya yarda ba. Wasu na ganin rubuta suna da alkawarin wata-wata ya mayar da zumunci kamar haraji, kuma mai bayarwa don maroƙi ya kira sunansa ba zai bayar a ɓoye ba. Suna da gaskiyarsu. Duk da haka, kafin a naɗe tabarmi an samo littafi daga wani ɗan makaranta, an ja layi, mahauta suka fara rubuta sunayensu. Ɗan ya sauke kalangun daga jikin kujera ya rataya a kafaɗa, ya ce da sassafe za su kai baba asibiti, ranar wankinsa ce.