Kwali ya maƙale bayan karatun maganin gargajiya: abin da na koya a shekara biyu

Shekara biyu da 'yan watanni na yi ina jiran kwalin digirina bayan na gama karatun magungunan gargajiya. Ina nan Agege ana kira na "likita", amma ba ni da takardar da zan nuna. Tun da na samu nawa, 'yan uwa daga Sabon Ibadan da Fatakwal ke ta tambaya ta yadda na yi, shi ya sa na ce bari in rubuta.

Da farko ka gane cewa jinkirin iri biyu ne. Akwai na takarda: majalisar jami'a ba ta zauna ta amince da sakamako ba, ko ba ka kammala kiliyarans ba, ko an yi kuskure a sunanka, ko kwalayen ne ba a buga ba. Wannan yana da magani. Akwai kuma wanda ya fi ciwo, wato kwas ɗin ne hukumar NUC ba ta amince da shi ba. Wannan ya fi faruwa a fanninmu, domin cibiyoyi da yawa suna tallar digiri da sunan wai suna ƙarƙashin wata jami'a, a nan gida ko a ƙetare. Idan naka irin wannan ne, ko shekara goma ka yi kana sintiri, kwalin da zai fito ba zai kai ka bautar ƙasa ba. Don haka kafin ka sake ƙona kuɗin mota, bincika ko jami'ar tana cikin jerin NUC, ko an amince da kwas ɗin, kuma ko sunanka yana rajistar JAMB.

Ni nawa na takarda ne, alhamdulillahi. An juya sunan mahaifina ne, fayil ɗin ya kwanta, ba wanda ya gaya mini. Wata goma sha huɗu ina bugun waya ana ce mini "ka ƙara haƙuri". Ranar da na rubuta wasiƙa ga magatakardan makarantar, na sa aka buga mini hatimin karɓa a kan kwafina, ranar magana ta sauya. Wallahi waya ba ta barin shaida. Da ma sun yi shiru, niyyata in kai ƙara Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, wadda ke da ofis a jihohi kuma ba a biyan ko sisi.

To, me za ka ci kafin nan? Karɓi takardar sakamakonka ta wucin gadi, wurare da dama suna amsar ta. Ka kuma je hukumar kula da maganin gargajiya ta jiharka ka ji sharuɗɗan rajista. Legas tana da tata. Ni na zauna a shagon wani dattijo mai magani, kuma a nan na koyi awo da adana sauyoyi fiye da yadda na koya a aji. In kana haɗa magani don sayarwa a kwalba, wannan maganar NAFDAC ce, kwalinka ba ya maye lambarsu.

Sai masu cewa ka kawo wani abu su fito maka da shi ta bayan gida. Wani ya nemi dubu tamanin a wurina, ban ba shi ba. Duk ranar da wurin aiki ya tura wa makaranta don tantancewa, lambar da ke jikin kwalin za a duba a rajistarsu, kuma ta bayan gida ba ta ciki.