Babi Na Bakwai: Idan Ma'aikacin Kamfani Ya Nemi A Gyara Masa Muƙala A Wikipedia

Akwai maganar da na gaji da ji a bakin jami'an hulɗa da jama'a, daga Katsina har Kano: "Ai shafinmu ne." To, ba shafinku ba ne. Muƙalar da aka rubuta a Wikipedia kan kamfani ko banki ko jami'a, magana ce a kansa, ba kadararsa ba ce. Tun da Jimmy Wales da Larry Sanger suka buɗe wannan kundi a Janairun 2001, ba a taɓa yanka wa kowa fili a cikinsa ba. Mai kamfani yana da allon talla a bakin titi, yana da Facebook, can ya rubuta abin da ya ga dama.

Ɗaya kuskuren na 'yan sa-kai ne, musamman matasanmu da suka shigo Wikipedia ta Hausa da zafinsu. A ganinsu duk ma'aikacin kamfanin da ya buɗe baki maƙaryaci ne, a toshe shi a huta. Wannan ma gaggawa ce. A ce jami'in yaɗa labarai na Jami'ar Tarayya da ke Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, ya ga an bar sunan tsohon shugaban jami'a a muƙala. Ko wani ya kwafo tsohon littafi ya saka Dutsin-Ma a Jihar Kaduna, alhali an cire Katsina daga Kaduna tun 23 ga Satumba, 1987. Wa zai riga shi ganin wannan? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Korar irin wannan mutum asara ce ga mai karatu.

Ƙa'idar ba ta da tsawo. Tun Yunin 2014 sharuɗɗan Gidauniyar Wikimedia, mai kula da Wikipedia, suka wajabta wa duk wanda ake biya don yin gyara ya faɗi wanda yake wa aiki. Sannan ana so ya janye hannunsa daga jikin muƙala, ya je shafin tattaunawa ya rubuta buƙatarsa: a cire jimla kaza, a sa kaza, ga madogara. Buƙatar ta shiga layi, ɗan sa-kai da ba shi da alaƙa da kamfanin ya duba, ya karɓa, ko ya karɓi rabi, ko ya ƙi. A Wikipedia ta Ingilishi layin kan yi tsawo, a yi makonni ana jira. Duk wanda ya yi karatun zaure ya san tushen abin, domin Risala ta Ibn Abi Zaid ta hana karɓar shaidar mai jawo wa kansa amfani ko mai tunkuɗe wa kansa cuta. Ba a ce mutumin banza ba ne. An ce yana da rabo a shari'ar.

Masu satar hanya ba su ne ke damuna ba, don su ana kama su. A 2013 an toshe asusu sama da 250 a binciken da aka yi kan kamfanin Wiki-PR. A ƙarshen Agustan 2015 aka toshe 381 a badaƙalar da aka laƙaba wa suna Orangemoody, inda 'yan damfara ke karɓar dala 30 duk wata daga ƙananan 'yan kasuwa wai suna gadin shafinsu. Wannan aikin 'yan sanda ne, mu wuce shi.

Labarin da nake so kowane ɗan sa-kai ya haddace shi ne na BP, babban kamfanin man fetur na Ingila. A ranar 20 ga Afrilu, 2010, dandamalin haƙar mai na Deepwater Horizon ya fashe a Tekun Meksiko, ma'aikata 11 suka mutu, ɗanyen mai ya yi kwana 87 yana malala. Sunan kamfanin ya ɓaci a duniya. Bayan haka wani ma'aikacin sashen sadarwarsu ya buɗe asusu da sunan "Arturo at BP". Ku duba da kyau: bai ɓoye komai ba, sunan kamfanin ma yana manne da nasa. Bai riƙa kutsawa cikin muƙalar yana sauya zance ba. Sai ya tsara sakin layi tsaf, da madogara a jere, ya ajiye, ya ce don Allah a duba. 'Yan sa-kai su duba, su ga rubutu mai tsabta, su kwashe su zuba a muƙala. Har sashen da ke magana kan tarihin kamfanin game da muhalli ya bi ta wannan hanya. A Maris 2013 kafar CNET ta buga zargin wasu editoci cewa kusan kashi 44 cikin 100 na muƙalar daga alƙalamin BP ya fito. Jimmy Wales ya kare mutumin, ya ce ya bi ƙa'ida. Kuma gaskiya ne, ya bi.

To ina matsalar? Tana wurin masu karɓa. Mutum ya zo da ladabi, ya yi maka aikin da zai cinye maka dare uku, kunya ma ta hana ka tsananta bincike. Ka bi jimlolinsa ɗaya bayan ɗaya, kowace gaskiya ce, sai ka sa hannu. Amma ba ka tambayi abin da bai rubuta ba. Ƙwararren jami'in kamfani ba ya ƙarya, ya san za a kama shi. Zaɓe yake yi. Ya ba tallafin karatu layi shida, ya ba tarar da kotu ta ci kamfanin rabin layi, ya tura ta can ƙasa inda mai karatu a waya ba ya isa. Mai karatu kuwa bai san wanda ya tsara abin da ke gabansa ba, domin shafin tattaunawa ba kowa ke leƙa shi ba.

Mu kawo abin gida. A ce kai ɗalibi ne ɗan Barkiya a ƙaramar hukumar Kurfi, kana gyara da wayarka in an samu caji. Sai ma'aikacin wani kamfanin casar shinkafa da ke sayen amfanin manoman rani na madatsar ruwa ta Zobe ya rubuto: "Malam, ni ma'aikacinsu ne. A gyara shekarar da aka kafa mu, a ƙara cewa mu ne kan gaba a Arewa, a kuma cire zancen rikicinmu da manoma kan farashi, an sasanta tuni." Buƙata uku ce a riga ɗaya, kuma hukuncinsu daban. Shekara, in ya kawo hujja, gyara ta nan take ka yi masa godiya. "Kan gaba a Arewa" kirari ne, wa ya auna? Zancen rikici kuwa, in jarida mai zaman kanta ta ruwaito shi, yana nan daram. Abin da za a yi masa shi ne a ƙara cewa an sasanta, in akwai inda aka buga hakan. Kuma ka sake rubuta komai da kalmominka. Ranar da aka gano ɓarna, sunanka ne a tarihin gyara, ba nasa ba.

Madogara ita ce inda muka fi rauni, kuma abin yana ci mini rai. Ma'aikacin kamfani zai turo maka jarida biyar. Buɗe su. In ka ga rana ɗaya suka fito, kalma ɗaya, hoto ɗaya, babu sunan wakili, to sanarwar kamfanin ce aka raba, madogara ɗaya ce, kuma tasa ce. A gefe guda, ƙorafin manomin Birchi ko Wurma yawanci a rediyo yake fita, ya bi iska, ba mai rubuta shi. Kamfani yana da takarda, talaka yana da murya, kundin kuma takarda yake karɓa. Shi ya sa mai duba buƙata dole ya fita neman ɗaya ɓangaren da kansa, kada ya tsaya kan abin da aka miƙo masa.

A wurinmu akwai ƙarin nauyi: masu gyara kaɗan ne, kuma an san juna. Mai buƙatar na iya zama yayan abokinka, ko ya haɗa ka da kawunka a waya, ko ya ce ga na data. Da ka karɓi ko naira ɗaya, kai ma ka zama wanda ake biya, bayyana kai ya hau kanka. In akwai zumunci ko kunya tsakaninku, bar buƙatar a layi, wani ya duba ta.

Ku kuma ma'aikatan kamfani, ku faɗi sunan wanda kuke wa aiki tun a jimlar farko, ku kawo buƙata ɗaya gajeriya da hujjarta, ku yi haƙuri da jira. In an ƙi, ku tambayi dalili a fili a shafin tattaunawa, kada ku bi ɗan sa-kai ta WhatsApp.