Maharbin da ya gaza da ɗan da yake tura daji

A ƙauyukan Tsohon Birnin Gwari farauta gado ce. Maharbin da makanta ko ciwon ƙafa ya zaunar yakan miƙa wa ɗansa baka ko bindigar harba-ka-ruga, yaron ya nemo wa gida nama. A fiƙihun Malikiyya naman halal ne, muddin yaron ya yi wayo kuma ya ambaci sunan Allah yayin harbin.

Dajin ne ya sauya. Kamuku, wanda aka keɓe tun 1936, ya zama gandun daji na ƙasa a 1999, kuma dokar da ta hana farauta a cikinsa ba ta ɗauke wa naƙasasshe ba, balle wakilinsa. Idan masu gadin daji suka yi kame, yaron ne a hannu, uban yana gida.

Ga kuma 'yan bindigar da suka shafe shekaru a dazuzzukan yankin. Sulhun da gwamnatin Kaduna ta ƙulla da su a ƙarshen 2024 ya kawo sauƙi, amma har yanzu matashin da aka hango riƙe da bindiga a jeji ba lallai ne a tsaya tambayarsa wa ya aiko shi ba.