ALBARUSHI: ILIMIN DA KE CIKIN BINDIGAR MAHARBI

Duk wanda ya san ƙasar Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi ya san cewa bindigar gargajiya, wadda ake kira adaka ko harba-ka-ruga, daɗaɗɗiyar abokiyar zaman maharba ce da masu gadin gonaki. Sai dai kuma sau da yawa wannan makami yakan juya ya ci ubangijinsa, ya raba shi da yatsu ko ido. Jama'a sukan danganta haka da sammu, alhali kuwa kimiyya tana da bayani gamsasshe.

Kalmar albarushi daga Larabci Hausa ta aro ta, amma asalin garin daga ƙasar Sin yake, inda aka gano shi wajen ƙarni na 9. Tarihin Kano ya nuna cewa Sarki Babba Zaki (1768-1776) shi ne ya fara ajiye 'yan bindiga a fadarsa. Wannan baƙin gari haɗi ne na gawayi da farar wuta da wani gishiri mai suna fotasiyam naitiret. Gishirin nan shi ke samar da iskar oksijin, don haka garin ba ya bukatar iskar waje kafin ya ci wuta. Idan ya ƙone, fiye da rabinsa yakan zama hayaƙi da toka, ragowar kuma ya zama iska mai zafi wadda ke ingiza dalma waje.

A shekarar 1884 wani Bafaranshe mai suna Paul Vieille ya ƙago wani gari dabam marar hayaƙi, wanda shi ne tushen abin da ke cikin harsasan zamani. Kusan dukkansa yakan rikiɗe ya zama iska. Bugu da ƙari, yana da wata ɗabi'a mai ban tsoro: gwargwadon matsin da ya samu, gwargwadon saurin ƙonewarsa. A fili yakan ci a hankali, amma a cikin bututu matsi yakan haifi matsi cikin ƙiftawar ido.

A nan ne haɗarin yake. Bindigar zamani da ƙarfe na musamman ake ƙera ta, sannan a jarraba ta a masana'anta. Adaka kuwa maƙeri ne yakan haɗa ta, galibi da bututun da ba don wannan aiki aka yi shi ba. Wanda ya farke harsashi ya juye garinsa a cikinta, to, bam ya ɗora a kafaɗarsa. Launi ba shaida ba ne, domin garin zamani ma yakan zo baƙi. Gauraya su biyun kuma bai rage kome daga haɗarin ba.

A Amurka akwai masu ɗura harsasan libarba da hannunsu. Waɗannan mutane sikeli suke amfani da shi, ma'auninsu kuwa bai wuce miligiram 65 ba, kuma ba sa ƙetare abin da littafin masana'anta ya ƙayyade. Duk da haka, kuskuren zuba awo biyu a kwanso ɗaya yakan tarwatsa bindiga. To, ina ga wanda ma'auninsa tafin hannu ne?

Yanayi ma yana da nasa tasiri. Da damina albarushi yakan sha laima, sai a ɗana kunama ya yi jinkirin tashi. Mai gaggawa ya leƙa bakin bindiga, nan take ta tashi. Tokar da ke saura a bututu kuma tana jawo danshi, tsatsa ta riƙa cin ƙarfe ta ciki ba a sani ba. Haka nan garwashin da ya maƙale bayan harbi yana iya kunna sabon garin da ake zubawa. Saboda haka ba a ajiye albarushi kusa da murhu ko fitila, ko inda yara za su kai hannu, kuma ba a shan taba a kusa da shi.

Ita kanta dalma guba ce. Mutanen Zamfara ba za su manta da shekarar 2010 ba, lokacin da gubar dalma daga haƙar zinariya ta halaka yara fiye da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum. Narka ta a tsakar gida ganganci ne.

Daga ƙarshe, Dokar Makamai ta 1959 ta shafi har bindigogin gargajiya, ta kuma haramta ƙera makami ba da izini ba. A yankin da ya sha fama da 'yan fashin daji, kiyaye wannan doka wajibi ne. Hausawa dai sun ce rigakafi ya fi magani, yatsan da ya guntule kuwa ba ya tohowa.