Ɗaurewar Ƙafa Cikin Dare

Duk wanda ya taɓa farkawa a sulusin dare ya tarar sha-raɓarsa ta dunƙule kamar dutse, yatsun ƙafarsa sun lanƙwashe ba da izininsa ba, har ya kasa komai sai salati, ya san cewa wannan lalura, duk da gajartar wa'adinta, ba abar rainawa ba ce. Haƙiƙanin al'amari, tsoka ce kan takure ta ƙi saki na 'yan daƙiƙu ko mintoci, sa'an nan ta bar tsami har wayewar gari.

Galibi ana danganta ta da gajiyar tsoka: manomin da ya wuni sunkuye bisa kunya da damina, da telan da ya daɗe zaune gaban keke, da mai azumin bazara wanda gumi ya kwashe masa ruwa da gishirin jiki, duk tana ziyartarsu. Ta fi addabar dattawa da masu juna biyu a watannin ƙarshe, kuma takan biyo bayan ciwon sukari, ko na ƙoda, ko magungunan hawan jini masu sa yawan fitsari.

Idan ta kama mutum, ɗabi'a kan sa ya naɗe ƙafa yana murƙususu, alhali saɓanin haka ne magani. Ya miƙe ƙafar sosai, ya kama yatsun ya jawo su wajen ƙwauri a hankali, ko ya daure ya tashi ya kafa diddige a ƙasa, har ya ji ƙullin yana warwarewa ƙarƙashin tafin hannunsa. Daga nan a murza wurin, a gasa da tsumma mai ɗumi. Wanda ta saba zo masa, kafin ya kwanta ya dafa bango, ya ja ƙafa ɗaya baya ba tare da ɗaga diddige ba, ya karkata gaba kimanin rabin minti, ya sauya. Mai azumi kuwa ya wadata kansa da ruwa tsakanin buɗe-baki da sahur.

Abin da ke damuna shi ne masu shan kwinin don wannan lalura, maganin da hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a 2010 kada a sha shi saboda ɗaurewar ƙafa, domin yana iya lalata ƙwayoyin da ke tsayar da zubar jini. Amma idan ƙafa ɗaya ta kumbura ta yi zafi, ko ciwon na zuwa da tafiya ya lafa da hutu, to wataƙila batun hanyoyin jini ne, wajibi a garzaya asibiti.