Kakin Soja Daban, Lasisin Jinya Daban

Na gaji da ganin abu guda. Soja ya yi ritaya ya dawo gida, ya kama shago a bakin kasuwa, ya jera kwalaben magani, kafin wata ya cika gari ya raɗa masa "Dokta". Mata suna kai masa yara allura, tsofaffi suna kwanciya kan benci ana musu ƙarin ruwa. In ka yi magana a ce da kai: "Ai a asibitin bariki ya yi aiki. Wanda ya ɗinke harbin bindiga, zazzaɓi ne zai gagare shi?"

E, zai iya gagarar sa. Sojan da ke ba da agajin gaggawa a fagen daga, an horar da shi ne kan 'yan mintoci na farko: ya ɗaure ƙafa jini ya tsaya, ya buɗe hanyar numfashi, ya toshe rauni, a ɗauke mutum da rai zuwa asibiti. Babban aiki ne, kuma rayuka da yawa sun kuɓuta ta hannun irinsu. Amma su wa yake yi wa? Samari majiya ƙarfi, waɗanda aka gwada lafiyarsu kafin a ɗauke su soja. A bakin daga babu jariri ɗan wata uku da za a auna wa magani daidai nauyinsa. Babu mai ciki da jininta ya hau, babu dattijo mai ciwon suga da ƙodarsa ta gaza. Waɗannan kuwa su ne suke cika shagon "Dokta" kullum.

Ko Amurka, da duk kuɗin da take kashe wa sojanta, ba ta haɗa horon agajin soja da lasisin jinya ba. Mai agajin sojan ƙasa a can yana samun horon mako 16 ne a sansanin Fort Sam Houston da ke jihar Texas. In yana son zama nas mai rajista, sai ya koma aji, ya yi karatun shekara 2 ko digirin shekara 4, sannan ya ci jarrabawar lasisi da ake kira NCLEX. Wasu jami'o'i suna rage masa darussa saboda abin da ya riga ya iya, amma jarrabawar ba a ɗauke wa kowa ita, ko da ya yi yaƙin Iraƙi da Afganistan.

A Najeriya ma haka abin yake. Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma, wadda aka kafa a 1979, ita ke ba da rajista, bayan karatun shekara 3 a makarantar jinya ko shekara 5 a jami'a. Rundunar soja tana da kwalejin jinyarta a Yaba, Legas, kuma ɗalibanta jarrabawar hukumar suke zaunawa kamar kowa. Saboda haka akwai tsofaffin sojoji nas-nas na gaskiya, kuma ba da su nake ba.

Talauci da nisan asibiti suna cikin abin da ke kai mutane shagon, na sani. Amma jama'a, a riƙa tambaya! Ka ce ya nuna maka lasisinsa, ka duba suna da hoto da ranar ƙarewa. Nas na ƙwarai ba ya jin haushin wannan. Wanda ya harzuƙa ya fara lissafa maka yaƙe-yaƙen da ya je, to ka ɗauki ɗanka ku fita. Izinin sayar da magani a kyamis bai ba mai shi ikon yin allura ko ƙarin ruwa ba. Allurar da aka soka ba daidai ba a ɗuwawun yaro tana iya taɓa jijiya, ƙafa ta shanye. Sirinjin da aka maimaita yana ɗaukar ciwon hanta da ƙanjamau. Ruwan da aka ɗura wa mai ciwon zuciya ba lissafi yana iya cika masa huhu. Mai naƙuda da yaron da ke taune-taune kuwa, asibiti kai tsaye, kada a tsaya ko'ina.

Ku kuma 'yan'uwanmu da kuka tuɓe kaki, hannunku ya riga ya saba, jini ba ya razana ku, kun fi sabon ɗalibi sanin aikin. Ku nemi gurbi a makarantar jinya ku ƙarasa karatun, ku karɓo lasisin.